Obatekin ta Hannun Dama

Turancina bai taka kara ya karya ba. A aji biyu na sakandare na tsaya, shekarar da mahaifinmu ya kwanta ciwo aka ce babba ya fita ya nemo. Ɗan abin da na ƙara daga baya a tasha na tsince shi, a bakin direbobi da 'yan kamasho, kuma yawancinsa sunayen ƙarafan mota ne da zagi. A cikin tarkacen nan akwai kalma ɗaya da har yau ba na son jin ta, ita ce obatekin.

Na taɓa sa 'yata ta duba mini ita a waya. Ta ce ma'anarta ka cim ma wanda ke gabanka, ka wuce shi. Na ce to ai wucewa ke nan, me ya sa ba ma cewa wucewa kawai? Ta ɗaga kafaɗa ta koma kallon da take yi. Ni na zauna na ba kaina amsa. Bishiya ana wuce ta, gida ana wuce shi, mai tallan rake a bakin titi ana wuce shi, ba wanda zai ji haushi. Obatekin kuwa sai ku biyu kuna tafiya, hanyarku ɗaya, shi ne a gaba, sannan ka fito ta gefensa ya ga ƙeyarka. Dole akwai wanda aka bari a baya, kuma dole ya sani.

A Minna kalmar ta daɗe da sauka daga kan titi. In ƙanwa ta riga yayarta aure, mata a bakin famfo za su ce ta yi mata obatekin. In yaron tela ya buɗe shagon da ya fi na ubangidansa, obatekin ne. A layin gidan mai in wani ya kutso gabanka, da ita za a fara faɗan. Bagwari na faɗinta, Banufe na faɗinta, Bayarabe mai sayar da taya na faɗinta, kowa da yadda harshensa ya lanƙwasa ta. Ni kam an yi mini ita har na daina juyawa in ga wane ne. Waɗanda na koya wa riƙe sitiyari yau wasu na da motocinsu, wani ma har da Keke mai ƙafa uku guda biyu a unguwar Maitumbi yana ba da haya. Ni ina nan ina tuƙa ta mutane, in kai wa mai mota balas da yamma, a ce mini an gode kamar an ba ni sadaka.

Amma ba wannan ne ya sa ba na son jin ta ba. Wata rana ce guda, a hanyar Paiko.

Wanda ya koya mini tuƙi wani dattijo ne, jikan mutanen da suka zo Minna da aikin jirgin ƙasa. Baba muke ce masa, duk wanda ya fito ta hannunsa. Shekaru na yi ina wanke masa mota, ina ɗaura kaya, ina cin ranƙwashi, kafin ya bar ni na zauna a kujerarsa. Mutum ne mai tsauri, ba ya dariya a kan titi. Kuma yana da doka ɗaya da ya gada daga nasa ubangidan, ya ɗora mana ita: wanda ya koya maka tuƙi ba ka yi masa obatekin. In ka taras da shi a hanya, ko tafiyar jaki yake yi, ka bi bayansa. Ba oda, ba walƙa fitila, ba leƙe ta gefe. Sai in shi da kansa ya fito da hannu ta taga ya yafito ka, sannan ka wuce, kuma kana wucewa ka rage gudu ka ɗaga masa hannu.

Direbobin yanzu ba su san wannan ba, in ka faɗa musu ma dariya za su yi. Mu kuwa mun riƙe ta kamar alwala. Na san wani cikinmu da ya taɓa mantawa ya wuce Baba a hanyar Maikunkele. Baba bai zage shi ba, bai kai ƙararsa ba. Ya daina amsa gaisuwarsa ne kawai, har mutumin ya haɗa dattawan tasha suka raka shi gida ban haƙuri.

Lokacin da abin ya faru ina da furfura a gemu, ina jan wata tsohuwar bas tsakanin Paiko da Minna. Mai ita wani ɗan fansho ne da ba ya son jin kalmar gyara. Na gaya masa bututun man birki na tsatsafowa ta baya. Ya tura ni wurin bakanikensa, aka naɗe wurin da roba aka ɗaure da waya, aka ce in riƙa ƙara mai. Birkin hannu kuwa tun kafin in karɓi motar ya mutu, da ɗan katako nake tokare taya in na tsaya. Baba a lokacin ya tsufa ƙwarai, kunnensa ɗaya ya toshe, amma ya ƙi ajiye tuƙi. Yana da wata a-kori-kura da ta kusa sa'ar 'yata ta fari, yana ɗauko wa matan ƙauye doya zuwa kasuwar Minna.

Damina ce, sabuwar doya ta fito. An kwana ana ruwa, da safe ya ɗauke, rana ta fito. Na cika lodi a Paiko da hantsi. Mata 'yan kasuwa a baya, wasu ɗalibai, wani tsoho da kaji a kwando. A gaba kusa da ni wani ma'aikaci ne mai farar riga da takardu a cinya, tun kafin mu tashi yake duba agogo.

Ba mu yi nisa ba na hango motar Baba. Ba ta ɓoyuwa, ta karkata gefe guda kamar mai ciwon ƙugu, hayaƙi baƙi na bin ta. An cika ta da doya har ta fi bodi tsawo, mata suna zaune a kai. Wasu uku ko huɗu sun zauna can baya, a kan marfin da aka saukar, fuskarsu na kallona, ƙafafunsu na reto a waje. Na sauke ƙafa daga totur na bi bayansa.

Ma'aikacin ya jure na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Direba, yi masa obatekin mana, hanya ai a buɗe take.”

Na ce masa wanda ya koya mini tuƙi ne, ba na wuce shi sai ya ba ni hannu. Ya dube ni kamar na ce masa ina tsoron aljanu. Ya juya ya gaya wa na baya, wasu suka yi dariya, wata mata ta ce in haka ne Allah Ya sa tsohon ba Kano za shi ba. Na san Baba ya gan ni a madubi, na kuma san halinsa. Yakan bar mutum ya bi shi na ɗan lokaci, don a san har yanzu shi ne shi, sannan ya yafito.

Akwai wani gangare a hanyar, mai tsawo, ba mai tsanani ba, a ƙarshensa akwai kwalbati, daga nan hanya ta sake hawa. Na bi ta wurin sau ba adadi. Muna fara sauka motata ta soma matsar tasa, don nawa lodin ya fi gudu a gangare. Na ɗora ƙafa a birki.

Ƙafata ta tafi har ƙasa. Ba abin da ya tare ta, kamar na taka fanko.

Na ɗaga na sake takawa. Na sake. Na yi ta bugawa da sauri yadda ake yi ko zai taru, ba komai, sai ƙarar ƙarfe na dukan ƙarfe. Abin da na fara tunawa, wallahi, ba Allah ba ne, robar nan ce da waya.

Na taka kuloci na sauko giya ta uku. Injin ya yi kururuwa, motar ta ɗan dafe, fasinjoji suka yi gaba suka dawo. Na nemi ta biyu, ta ƙi shiga, sai gurnani take. Gudun ya ragu amma bai kai na Baba ba. Tazarar da ke tsakaninmu tana cinyewa a hankali, ina kallo. Ma'aikacin ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, sai ya dafe gaban motar da hannu biyu, takardunsa suka zube.

Hannun hagu a buɗe yake, ba mota ko ɗaya har kwalbatin. In na fita na wuce shi, zan gangara in haye, hawan da ke gaba ya tsayar da ni. Abu mai sauƙi. Na danna oda, na walƙa fitila, na karkata hagu.

Baba ya gan ni. Na ga kansa ya ɗago wajen madubi. Sai a-kori-kurar nan ta taho a hankali ta hau tsakiyar titi ta tare ni.

Na koma dama, ya komo. Na sake fita hagu ina danna oda ba ɗagawa, ya sake tarewa. Shi abin da ya gani ke nan: yaron da ya raina da hannunsa, yau ya yi furfura, yana masa oda da fitila a gaban mutane. Hannunsa ya fito ta taga, amma ba yafitowa ba. Yatsa ɗaya ya ɗaga yana kaɗa mini.

Na leƙa da kai ta taga na ƙwala, “Baba, ba birki!” Iska ta kwashe maganar. Ko ba iska ma, injinsa kaɗai ya isa, ga kunne. Na baya a motata su suka ji. Nan take motar ta cika da salati, wata na kiran Yesu, kajin tsohon nan suka ɗauka su ma. Wani ɗalibi ya fara kokawa da ƙofa. Na ce duk wanda ya buɗe ƙofar nan ya kashe kansa.

Matan da ke bayan Baba ba su san komai ba. Dariya suke yi. Sun ɗauka wasan direbobi ne, ɗaya har tana tafa hannu tana yi mini gwalo duk lokacin da ya tare ni. Na ga ƙafafunsu sosai, har yau ina ganinsu. Ɗaya da silifas shuɗi, ɗaya ba takalmi, laka ta bushe mata a ƙauri. Ta tsakiya tana da jariri a cinya, tana ba shi nono. Gwiwoyinsu daidai suke da hancin motata. Na san abin da ƙarfe ke yi wa gwiwa, na taɓa taimakawa an ciro mutane a hanyar Suleja. Hannuna ya jiƙe har sitiyari na zame mini.

Sai na hango kan wata tankar mai ya ɓullo a saman hawan can, yana gangarowa wajen kwalbatin. Hannun hagu ya rufe ke nan.

Mai jaririn ce ta fara daina dariya. Ban san me ta gani a fuskata ba. Ta janye ƙafafunta sama, ta ƙanƙame yaron, ta yi magana da yarensu da ƙarfi. Waɗanda ke saman doya suka juyo. Ɗaya ta rarrafa ta fara dukan rufin motar da tafin hannu, yadda fasinja ke yi in yana so a tsaya.

Wannan Baba ya ji. Kuma ya yi abin da kowane direba zai yi in an buga masa rufi. Jar fitilarsa ta baya, guda ɗaya da ke aiki, ta kama.

Ban yi shawara ba, ƙarya ne in ce na yi. Hannuna ne ya murɗa dama. Tayoyin suka bar kwalta suka hau jar ƙasa, motar ta karkata har na ga sama ta tagar ma'aikacin. Muka bi ta gefen Baba ta inda ba a wuce mutum, kusa har madubina ya daki bodinsa ya tarwatse. Na ga fuskarsa ta ɗaya tagar, baki buɗe. Daga nan ƙasa ta kuɓuce mana, muka faɗa wani ɗan kwari, muka fito, ciyawa na dukan gilashi, sai ga gonar doya a gabana.

Kunyoyin Gwari ba irin namu ba ne, tulin ƙasa ne kowanne ya kai ƙugu, ga shi sun sha ruwan dare. Motar ta daki na farko ta tsallake, ta daki na biyu, na uku, sandunan da doyar ke hawa suna karyewa, kowane duka yana cin gudunta. Ƙirjina ya bugi sitiyari. Can cikin gonar ta nutse har ciki, ta tsaya, injin ya mutu.

Wurin ya yi shiru, in ban da kaji. Ƙafata na nan kan birki tana bugawa ita kaɗai, na kasa hana ta. Na ji ɗumi a cinyata, na duba ina zaton jini ne. Ba jini ba ne.

Mutane suka firfito ta ƙofa da taga. Wata ta fasa leɓe, ma'aikacin ya yi ƙulu a goshi, tsohon ya rasa kaza ɗaya da ta tsere cikin gona. Ba wanda ya karye. Tankar ta wuce a sama tana oda, ko tsayawa ba ta yi ba. Na buɗe ƙofa na sauko, na zauna a kan wata kunya.

Daga nan na hango Baba yana gangarowa daga titi, yana tsallaka kwarin da ƙyar, hularsa a karkace. Ban taɓa ganin fushi irin wannan a fuskarsa ba. Tun daga nesa yake magana. Ya zo ya tsaya a kaina yana haki.

“Ni za ka wuce? Kuma ta dama? Abin da na koya maka ke nan?”

Fasinjoji suka taso za su yi masa bayani, kowa na magana lokaci guda, bai ji ko ɗaya ba. Na ɗaga hannu na nuna masa ƙofar da ke buɗe.

“Baba, hau ka taka birkin.”

Ya harare ni, sannan ya kama ƙofa ya hau. Na ji ƙarar, ƙarfe a kan ƙarfe. Ya sake takawa. Bai ƙara na uku ba. Ya zauna a kujerata hannunsa biyu a kan sitiyari, yana kallon titi ta taga. Matan nasa sun sauko sun jeru a bakin kwalta, mai jaririn tana tsaye a cikinsu tana jijjiga shi. Ya daɗe yana kallonsu.

Da ya sauko sai da na tashi na riƙe shi, don ƙafarsa ta kuskure matakin. Ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, “Na ji odarka. Wannan kunnen yana ji. Na ce raini ne.”

Ban ce masa “ba komai” ba, don da komai.

Sauran abin da ya biyo baya ba labari ba ne. Mai gona ya zo da fartanya a kafaɗa, aka yi ta magana. Fasinjoji suka tari wasu motoci suka tafi, ma'aikacin ya tsince takardunsa cikin laka bai ko waiwaye ni ba. Mai bas ya karɓi makullinsa a makon, ya ce ni na kashe masa mota. A tasha kuwa har yau in an tashi ba da labarin, cewa ake na yi wa Baba obatekin ta hannun dama. Ba kowa ke ƙarawa da maganar birki ba.

Amma a ranar, bayan an watse, doyar matan nan na nan a kan titi tana jiran kasuwa, rana kuma tana yi. Muka hau tare da Baba zuwa wurin motarsa. Ya buɗe ƙofar direba, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya. Ya ciro makulli daga aljihu. Ya gwada sa shi a rami, ya kasa. Sai ya sauko, ya miƙo mini, ya zagaya ɗaya gefen ya zauna.

Kafin in tayar na zagaya baya. Na ce wa matan ba mai zama a kan marfin nan, kowa ta hau sama ko ta shiga gaba. Ba wadda ta yi gardama. Mai jaririn ta shiga tsakanina da Baba. Na ɗaga marfin na ɗaure shi da igiya. Na taka birkinsa a tsaye, na sake takawa, ya tare ƙafata da ƙarfi, amma duk da haka ban yarda da shi ba.

A giya ta biyu na kawo mu Minna. Wandona bai bushe ba, ƙirjina na zafi duk numfashi. Motoci suka yi ta taruwa a bayanmu suna oda, manya da ƙanana, har da masu babur. Duk wadda ta matso, kafin in motsa, sai in ga Baba ya miƙa hannu ta gaban matar nan ya taɓa mini kafaɗa.

“Ba shi hannu,” yake cewa. “Ba shi hannu ya wuce.”